Rediyon Oba-oba a Mota: Yadda Ake Ɗaura Shi, da Abin da Ke Ƙona Shi

Akwatin ƙarfe ne da bai wuce girman tsohon rediyon kaset na mota ba, nauyinsa kilo ɗaya da ɗoriya. Masu sha'awar rediyo, waɗanda ake wa laƙabi da 'yan ham, suna ɗaura shi a mota su yi magana da juna babu layin waya, babu kati. Wanda ya saba ganin oba-oban hannu a wurin masu gadi zai ɗauka duk kanwar ja ce. To, na hannu wat 5 yake fitarwa. Na mota irin Icom IC-2730 ko Kenwood TM-V71 wat 50 ne, Yaesu FT-2980 ma har 80. Wannan ninki goma shi ke jawo duk wata ɗawainiya: wuta mai yawa za ta shiga, zafi mai yawa zai taru, ƙarfi mai yawa kuma zai nemi hanyar fita. Yawancin rediyon da ake kai wa mai gyara a ce ya lalace lafiyarsa ƙalau ya baro kamfani. Wayar wuta ce, ko eriya, ko rana ta kashe shi.

Kafin a taɓa sukundireba, akwai batun takarda. Sai da lasisi ake watsa murya a zangon 'yan ham, kuma lasisin yana zuwa da alamar kira wadda farkonta ke nuna ƙasa: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Ghana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. Afirka tana yanki na ɗaya a rabon Hukumar Sadarwa ta Duniya, inda zangon mita 2 ya tsaya daga 144 zuwa 146 MHz, na santimita 70 kuma daga 430 zuwa 440. A nan akwai tarko. Rediyon da aka ƙera don kasuwar Amurka yana watsawa har 148 MHz, domin can haka rabonsu yake. Wanda ya sayo irinsa ya hau 146.520, lambar da Amurkawa ke kiran juna, ya shiga gonar da ba tasa ba. Ta yanki na ɗaya, inda Afirka take, ita ce 145.500. Kuma a hanyoyin da shingen bincike ya yi yawa, mota mai doguwar eriya da makirufo a rataye tana ɗaukar ido, don haka kwafin lasisi ya zauna tare da takardun mota.

Wutar da rediyo ke sha

An ƙera waɗannan na'urori su yi aiki da bolt 13.8, da sassaucin kashi 15 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato daga kusan 11.7 zuwa 15.9. Yana sauraro, rediyo ba ya wuce amfiya biyu. Da an danna makirufo a wat 50, sai ya zabura zuwa amfiya 11 ko 13. Na gajeren zango mai wat 100, irin Yaesu FT-891, yana haura amfiya 20.

Shi ya sa ramin laita, inda ake soka cajar waya, bai dace ba. Fiyus ɗinsa amfiya 10 ko 15 ne, wayar da ke bayansa siririya ce, bakinsa kuma ɗan sifirin ne kawai ke riƙe shi, galan ɗaya ya isa ya saki. Abin da ya dace shi ne waya biyu, ja da baƙa, kai tsaye daga wajen batir.

Kaurin wayar lissafi ne. Jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 4 yana da turjiyar kusan om 0.0044 a kowace mita. Idan daga batir zuwa ƙarƙashin kujera mita 3 ne, zuwa da dawowa mita 6 ke nan, a amfiya 12 za a yi asarar bolt 0.3. Ba laifi. Sa mai milimita 1.5, irin wadda ake jan ƙwan fitila da ita, asarar ta haura bolt 0.8. Mota a kashe, batir yana 12.4, abin da zai isa rediyo 11.6 ne, ƙasa da iyaka. Alamarsa sananniya ce: ana danna makirufo fuskar rediyo ta dusashe, ko ya mutu ya sake tashi, ko abokin magana ya ce muryarka tana rawa. Saboda haka milimita 4 ga mai wat 50, milimita 6 ko fiye ga mai wat 100. A kuma kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago. In jan ya goge fari ya bayyana, alminiyon ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, turjiyarta ta fi yawa sosai, kuma karyewa take a bakin kusa.

Fiyus a jikin jar waya yana zama dab da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Dalili kuwa, aikinsa na farko kare wayar ne da motar. Duk tsawon da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai tsaro, in ya goge a jikin ƙarfe wuta ce za ta tashi. Girmansa abin da littafin rediyo ya faɗa, galibi amfiya 15 ko 20 ga mai wat 50. Inda waya za ta ratsa bangon da ya raba inji da cikin mota, a bi ta zoben roba, a nisanta ta da salansa da duk abin da ke juyawa.

Baƙar waya ta fi ruɗa mutane. Kamfanoni da yawa suna sa mata fiyus ita ma, kuma da hujja. In aka ɗaura ta a kan batir, ranar da babbar wayar da ta haɗa batir da bodi ta yi tsatsa ko ta saki, wutar sitata mai amfiya ɗari da wani abu za ta nemi wata hanya, ta bi ta rediyo da rigar wayar eriya. Fiyus ɗin ne zai tare ta. A motocin zamani kuma akwai ɗan na'urar da ke manne a kan negatif na batir, tana ƙidaya wutar da ke shiga da fita. In aka tsallake ta, kwamfutar mota za ta riƙa cajin batir bisa lissafin da ba daidai ba. A irin wannan mota, baƙar waya ta sauka a kusar da babbar wayar batir ta kama bodi.

Direban tirela ko babbar roka ya lura: wutarsa bolt 24 ce. Haɗa rediyo kai tsaye ƙona shi ne nan take. Dabarar da wasu masu wayarin ke yi ta ɗebo 12 daga batir ɗaya cikin biyun kuwa tana sa ɗaya ya riƙa zama da yunwa, ɗayan yana shan cajin da ya wuce kima, a rasa duka biyun. Na'urar rage wuta daga 24 zuwa 13.8 ake saya, mai ɗaukar amfiya 20 ko fiye.

Abu uku kan faru a gareji su halaka rediyo: walda a jikin mota, tayar da mota da batirin wata, da juya kan batir. A cire fulogin wutar rediyo kafin kowanne. Yawancinsu suna da diyod a ciki wanda ke sa fiyus ya tsinke in an juya waya. Wanda ya naɗe fiyus da zaren waya don ya ƙone jiya, shi ya cire wa kansa wannan kariya, allon ciki ne zai ƙone a madadinsa.

Eriya: rabinta sanda, rabinta motar

Ga abin da ba kowa ya sani ba. Sandar da ake gani a sama rabin eriya ce kawai. Ɗaya rabin shi ne ƙarfen motar da ke ƙarƙashinta. Tsawon igiyar rediyo a 145 MHz mita 2.07 ne, eriyar rubu'i kuwa, wato mai kusan rubu'in wannan tsawo, kusan santimita 49, tana kuma son shimfiɗar ƙarfe mai faɗin kusan haka ta kowane gefe. Wuri ɗaya ne a mota ya cika wannan sharaɗi, tsakiyar rufi. Gefen but ko gefen bonet suna aiki, amma murya za ta fi ƙarfi ta ɓangaren da ƙarfe ya fi yawa, ta yi rauni ta ɗayan. Bamba ita ce mafi muni, domin jikin motar ya tare rabin sandar.

Mazaunin da ya fi inganci shi ne wanda ake huda rufi, ramin milimita 19, irin da ake kira NMO. Mutane ba sa son huda mota, gaskiya ne, sai dai mazaunin yana da zoben roba, in an ɗaure shi daidai ba ya yoyo. A kankare fenti ta ciki inda haƙoransa za su ciji ƙarfe. Mai maganaɗisu yana yi a zangon mita 2 da santimita 70, amma da sharaɗi: yashi yana shiga ƙarƙashinsa ya ci fenti, wayarsa tana bi ta bakin ƙofa inda ake matse ta kullum har ta baje, kuma reshen bishiya ɗaya ya isa ya tuge shi.

Tsakanin eriyar rubu'i da doguwa mai biyar bisa takwas, wadda ke kai mita 1.2 zuwa 1.3, zaɓin ya danganta da ƙasa. Doguwar tana kwantar da murya ta bi doron ƙasa, ta fi amfani a shimfiɗaɗɗen fili irin hanyar Kano zuwa Maiduguri ko Maraɗi zuwa Damagaram. Gajeriyar tana ɗaga murya sama kaɗan, ta fi dacewa da duwatsun Jos ko cikin gari, ba ta lanƙwashewa in ana gudu, ba ta kuma dukan saman ƙofar gida.

Wayar eriya om 50 ce, galibi RG-58. Wayar dish da ta cika kasuwa om 75 ce, rigarta alminiyon ce wadda ba ta kama dalma, a bar ta wa talabijin. Ita ma RG-58 tana ci: mita 5 a 145 MHz tana cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin, a 435 MHz kusan sulusi. Don haka kada a bar rarar mita uku a naɗe ƙarƙashin kafet saboda ƙyashin yankewa. Kan waya irin PL-259 shi ne inda aka fi yin kuskure. Zare ɗaya siriri na rigar waya in ya taɓa allurar tsakiya, shi ke nan. Gwajinsa da mitar awo: a kwance sandar eriya tukuna, a auna tsakanin allura da riga, bai kamata su haɗu ba. Daga riga zuwa bodi kuwa ya nuna kusan sifili. An ce a kwance sandar ne domin wasu eriyoyi masu naɗi a gindi suna nuna haɗuwa alhali lafiyarsu lau.

Sai awon SWR, wanda ke nuna yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta maido wa rediyo. A 1.5, kashi 4 cikin ɗari ne ke dawowa. A 2, kashi 11. A 3, kashi 25. Asarar murya a nan ba ta kai a damu ba, abin tsoro shi ne transistocin ƙarshe da ke shan wahalar. Rediyon zamani yana rage ƙarfinsa da kansa in abin ya haura 2, shi ya sa wani zai ce nasa mai wat 50 ne amma ba ya zuwa ko'ina. Ana awon ne a fili, nesa da katanga da wayoyin lantarki, ƙofofi da bonet a rufe, babu mai tsayuwa kusa da eriya. A sa ƙarfi mafi ƙanƙanta, a saurara a tabbatar ba kowa, a faɗi alamar kira, a auna a ƙasan zango, tsakiya da sama. In awon ya fi kyau a ƙasa, sandar ta yi tsawo. In ya fi kyau a sama, ta yi gajarta. Yawancin eriyoyi suna da ɗan kusa a gindi da ake sassautawa a zura sandar ciki ko waje. In sai an yanke, milimita 3 zuwa 5 a lokaci guda, a sake aunawa. Abin da aka yanke ba ya dawowa.

Akwai wata yaudara a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. Wayar da ruwa ya shiga tana iya nuna SWR mai kyau ƙwarai. Ruwan ya sa tana cinye ƙarfi a tafiya, ta cinye a dawowa, abin da ya iso mitar awo kaɗan ne, sai ta ce komai lafiya. Idan bayan damina awo ya gyaru da kansa amma tashoshin da ake ji da sun yi nisa, a feɗe bakin wayar. Rigar da ta koma kore ko baƙa ta gama aiki, canji kawai.

Magana a iska

A zangon mita 2 da na santimita 70 murya kusan iya ganin ido take tafiya. Lissafin da ake yi shi ne a ɗauki tushen murabba'in tsayin eriya a mita, a ninka da 4.1, a sami kilomita. Eriyar da ke mita 2 daga ƙasa tana da kusan kilomita 6, mota da mota kusan 12 a fili. In akwai rifita, wato tashar da ke karɓar murya ta sake watsa ta, a kan hasumiya mai mita 100, sai a doshi kilomita 47. Tsayi ya fi wat. Daga 25 zuwa 50 ƙarin rabin mataki ne kacal a ma'aunin mai sauraro, zafi da cin batir kuwa sun yi sama. A zauna a wat 5 ko 10 muddin ana jin juna.

Rifita tana saurare a lamba ɗaya, tana watsawa a wata. A zangon mita 2 tazarar kHz 600 ce, rediyonka yana watsawa ƙasa da inda yake sauraro. Da yawa kuma ba sa buɗewa sai sun ji wani siririn sauti da ke tafiya ƙarƙashin murya, CTCSS, tsakanin 67.0 da 254.1 Hz. Wanda ke jin rifita raɗau amma ba ta amsa masa, ya duba abu uku: sautin, girman tazarar, da alamar ragi ko ƙari. Sautin nan ba sirri ba ne, kowa yana jin ka. Dokar 'yan ham ma ta hana ɓoye magana, ta hana kasuwanci. Sai faɗin murya: tashar da aka tsara a kan tazarar kHz 12.5 tana son ƙunƙuntar FM. Mai faffaɗa in ya shiga, muryarsa tana yayyankewa duk sanda ya ɗaga ta. Mai ƙunƙunta a tasha faffaɗa kuma ana jinsa can ƙasa-ƙasa.

Makirufo ya tsaya yatsa biyu ko uku daga baki, a ɗan karkace, kada numfashi ya buge shi. A danna, a jira daƙiƙa ɗaya, sannan a yi magana, in ba haka ba sallamar ta tafi a banza. Maɓallin SQL, mai rufe shuuu ɗin da ake ji in ba mai magana, a murɗa shi daidai inda shuuu ɗin ya ɗauke, ƙari a kan haka toshe raunanan tashoshi ne. A kunna TOT, wato abin da ke katse watsawa da kansa in ta yi tsawo, a minti 3. Makirufo ya sha maƙalewa tsakanin kujeru, ko fasinja ya zaune shi, rediyo ya yi ta watsa hirar cikin mota yana dahuwa. Tashoshi kuma a zuba su a ma'ajiya tun a gida, da hannu ko da manhajar CHIRP, domin laluben menu a kan titi hatsari ne. Fuskar rediyo kada ta zauna a gaban jakar iska. A gidan mai ba a danna makirufo. A-kori-kura mai ɗauke da mutane a baya kuma, a tabbatar ba mai riƙe da sandar, wat 50 yana ƙona fata.

Ƙarar da ba a gayyata ba

Kowace ƙara da muryarta. Tas-tas mai ƙaruwa da totur daga fulogin inji take, maganinta fulogi masu turjiya a ciki da wayoyin fulogi masu lafiya. Kuka siriri mai hawa da sauka tare da inji na altaneta ne, sau da yawa ma abokin magana ne zai fara jinsa a muryarka. Yana nuna an ɗebi wuta daga wuri mara kyau, ko kan batir ya yi gishiri, ko diyod ɗaya a altaneta ya mutu. Shuuu mai toshe komai kuwa, wanda ba ruwansa da totur, a fara zargin cajar waya mai araha da fitilun LED na kasuwa. A zare su ɗaya bayan ɗaya.

Gwaji ɗaya yana raba gardama: a cire wayar eriya daga bayan rediyo, ana sauraro kawai. In ƙarar ta ɗauke, ta iska take shigowa, sai a nemi mai yin ta, a sa wa wayarsa zoben ferayit, irin wanda ake zura waya ciki ya rage ƙara. In tana nan, ta wayar wuta take bi. Masu gajeren zango, mita 40 da mita 20, su suka fi shan wannan. Eriyar rubu'i a 7 MHz ta haura mita 10, ta mota kuwa guntuwa ce da naɗi, ƙarfin da take fitarwa kaɗan ne, don haka dole a ɗaure bonet, but, ƙofofi da salansa da bodi ta hanyar faffaɗar saƙaƙƙiyar waya, motar ta zama ƙarfe guda.

Rana da ƙura

Amfiya 12 a bolt 13.8 wat 165 ke nan. Hamsin sun fita ta eriya, sama da ɗari sun zama zafi a cikin akwati. Littattafan yawancin waɗannan rediyo sun tsaya a digiri 60. A bazarar Sakkwato ko Yamai, inda inuwa kanta ke haura 40, saman dashbod na motar da aka rufe a rana yana wuce wannan iyaka tun ba a kunna komai ba. Jikin rediyo ya sauka ƙarƙashin kujera, da sararin yatsa huɗu a bayan fanka, a ɗaga shi daga daɓe saboda ruwan wankin mota, fuskar kaɗai ta hau sama. In mota ta wuni a rana, a bari iska ta ratsa kafin doguwar magana.

Hunturu kuma ƙura yake kawowa. Tana liƙewa a fanka da tsagogin ƙarfen da ke fitar da zafi, ta zama bargo. Sau ɗaya a wata a lokacin, a share da busasshen burushin fenti, a hura iska a hankali ana riƙe da fankar kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. Busasshiyar iska mai ƙura tana tara wa sanda caji, ana jin ƙas-ƙas ko inji a kashe, wannan ba lalacewa ba ce. Kafin damina a kwance sandar, a goge mahaɗinta, a duba zoben robar ko ya tsage, a naɗe duk mahaɗin da ke waje da tef mai manne kansa.

Batir mai lafiya yana nuna 12.6 a hutawa, 13.8 zuwa 14.4 inji na aiki. In ana hira mota a kashe ya sauko 12.2, rabi ya tafi, a tayar da inji. Duk wata uku kuma a sa mitar awo a fulogin bayan rediyo, a danna makirufo da cikakken ƙarfi, a kwatanta da abin da ke kan batir a daidai lokacin. Bambancin da ya wuce rabin bolt yana nufin wani mahaɗi ya fara ci. A bi wayar da hannu bayan minti ɗaya na watsawa: gidan fiyus ko kusar da aka ji ta yi ɗumi, ita ce.